Ja da Ja

Akwatunan lasifika biyu Baba ya bar mini,
da bashin wuta na wata uku,
da mage mai suna Chispa.
A kafaɗa na hau da su tudunmu na Valparaíso,
ɗaya yau, ɗaya jibi,
ina ƙirga matakala,
don ƙirga na rage wa kaya nauyi.

Iskar teku ba ta da kunya.
Ta ci ƙarfen taga, ta ci makullin ƙofa,
ta kutsa cikin lasifikan ta cinye soson gefe.
Na taɓa da ɗan yatsa, ya ruguje
kamar burodin da ya kwana bakwai.

Sukurori takwas na kwance, na tara a murfin kwalba.
Na bakwai ya yi gardama.
Na ɗiga masa mai, na ba shi dare guda ya yi tunani.
A ciki, auduga ta zama toka,
ga gawar kyankyaso,
ga maganaɗisu da ya fizge mini ɗan kunne,
ga rubutun fensir a jikin katako,
hannun Baba, a karkace kamar gidajen unguwarmu:
“Na gyara bayan girgizar ƙasa. Aurelio.
Ja da ja.”
Na ɗauka wasansa ne, na wuce.

Asabar uku ina goga da samfefa,
mai kaushi tukuna, sannan mai laushi.
Tsohon fenti ya sauka a gashina,
na yi furfurar da ban kai ba.
Ƙarƙashin baƙi ashe jan katako ne,
da jijiyoyi irin na bayan hannun tsoho.
A saman na hagu akwai tabon gindin kofi,
shekara talatin nan yake ajiye shayinsa,
Mama na faɗa, yana murmushi.
Na kawo samfefa har bakin zoben.
Na tsaya.
Na zagaye shi.

Sabon soso, gam siriri kamar zare,
na danna da yatsa a hankali, kada murya ta goce.
Dalma ta ɗiga mini a babban yatsa,
na yi ashar da Chispa kaɗai ta ji.
Kakin zuma na shafa sau biyu,
har ɗakin ya yi ƙamshin coci.

Daren Lahadi na ɗora faifai.
Sauti ya fito, i, ya fito,
amma kamar miya ba gishiri:
ganga ta rame, mawaƙiyar ta tarwatse,
rabinta a taga, rabinta a bayan kujera.
Na zauna a ƙasa, na ce ashe na kashe su.

Don Eleuterio na bene, tsohon makanikin jirgin ruwa,
kunne ɗaya ya rage masa, shi ma na rance,
ya sauko da silifa, ya tsaya a tsakiyar ɗaki.
“Nélida, waɗannan faɗa suke yi.
Wannan na turawa, wancan na ja.
Leƙa bayansu.”

Na leƙa.
Jar waya a gurbin baƙa.

Minti biyu, ba ƙari.
Na mayar da allura kan faifai,
sai ga matar nan ta tattaro kanta
ta tsaya cak tsakanin akwatunan biyu,
inda babu komai sai bango da kalanda.
Har numfashin da take ja kafin baiti na ji.
Gilashin taga ya ɗan yi rawa.
Can ƙasa wani jirgi ya yi kuka, ba wanda ya kula shi.

Sukurori takwas na jirana a murfin kwalba.
Kafin in rufe na ɗauko fensir,
ƙarƙashin layin Baba na rubuta nawa:
“Na gani. Ja da ja.”

Don Eleuterio ya ɗora kofinsa kan na dama.
Na buɗe baki,
sai na bar shi.